Yadda Kakana Ya Wanke Takobin Jego

Kakana Bulama Barau, Allah ya ji ƙansa, ladabi ne ya ci shi. Na san za a ce jika ne yake tsokanar kakansa. To na yarda, ina da wannan iko, kuma ba zan bar shi ba. Amma duk wanda ya san ƙauyenmu Kukar Sajo, can tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, ya san ban ƙara gishiri ba. Mutum ne da in baƙo ya sauka a gidansa, kafin baƙon ya gama shan ruwa an cire wa jakinsa kaska. Ƙwarya mai tsaga ba ta leƙa zaurensa. Ko goro zai ba ka sai ya goge shi da hannun riga, ya jujjuya shi ya ga ba tabo. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Baƙonka Annabinka."

Abin da zan faɗa ya faru ne a makon da aka haife ni, 'yan shekaru bayan Turawa sun zauna a ƙasar Gumel sun fara ƙirga mutane da awaki. Ni ina kwance cikin tsumma, ban san hawa ba ban san sauka ba. Innata Zinariya ce ta ba ni labarin, kuma duk ranar da ta fara shi da dariya, kafin ta kai ƙarshe sai na ga tana goge ido da gefen zane.

A garinmu takobi ɗaya ne tak. Na kakan Bulama ne. An ce da shi ya je yaƙe-yaƙen Damagaram, an ce ya sare wane da wane, a bakin maroƙa kam har gobe yana kan sara. Amma tun kafin a haifi Bulama takobin ya bar hannun maza ya koma ɗakin mata. Kun san ba a barin jinjiri ba ƙarfe a kansa kafin suna, saboda iska da mayu. Wasu wuƙa suke sawa, wasu lauje. Mu takobin nan ake sawa. Duk gidan da aka haihu, Gwaggo A'i ungozoma, autar su uban Bulama, za ta saɓo shi ta kai, ta tura shi ƙarƙashin tabarma saitin kan jinjiri, ba mai ɗauke shi sai an raɗa suna. In kuma yaro ya rayu har ya kai yaye, uwarsa za ta yagi ƙyalle daga majanyin da ta goya shi da shi, ta ƙulla a jikin takobin, ko a mariƙi, ko a kube, ko a hamila, duk inda ta sami wuri.

Saboda haka in ka gan shi ba za ka ce takobi ba ne, sai ka ce ƙunshin kayan tsohuwa. Ƙyallaye ne bisa ƙyallaye, saƙi da fari da baƙi, duk hayaƙin ɗakin jego ya dafa su, man shanu ya jiƙa su, kunun kanwa ya ɗiga a kansu ya bushe. Tsatsa ta riƙe shi cikin kube, ba mai tuna ranar da aka zare shi. Amma Gwaggo A'i ko idonta a rufe, in ta laluba ƙulli za ta ce maka wannan na wane ne ɗan wance.

Ni kuwa na zo ne bayan innata ta binne 'ya'ya uku, ba wanda ya kai yaye. Har an fara ce mata mai wabi a bakin rijiya. Da na faɗo, Gwaggo A'i ba ta ko wanke hannu ba sai da ta tura takobin nan ƙarƙashin kaina.

To a wannan shekara ne wani Bature ya shigo rangadi ƙasar Gumel, yana tambayar tsofaffin kayan yaƙi. Da labari ya fara zuwa, kowa ya ce ƙwace ne ya dawo, irin na farkon zuwansu. Cikin kwana biyu ba ka samun ko kibiya daga Maigatari har Gagarawa, duk an binne. Sai daga baya aka gane mutumin nan ba ƙwace yake ba, so yake yi. Wallahi so, irin wanda ake yi wa doki. In aka kawo masa tsohon mashi sai ya karɓa da hannu biyu, ya shinshina, ya shafa, ya ɗaura masa 'yar takarda da zare, mutane suka ce laya yake yi musu. An ce zai kai su ƙasarsu ne ya rataye a bango, 'yan'uwansa su riƙa zuwa kallo. Ba yaƙi zai yi da su ba, ba farauta ba, kallo kawai. Kuma abu yana ƙara lalacewa yana ƙara sonsa. Nan da nan aka sa masa suna Mai Tsatsa.

Sai aka koma tono abin da aka binne, har da abin da ba a binne ba. A Maigatari an ce maƙera sun daina ƙera fartanya, sun koma ƙera masu suna turbuɗawa a turken shanu su sha fitsari. Wani mutumin Sule Tankarkar ya ciro busasshen ƙirgin da yake tare ƙofar rumbunsa da shi, ya kai, ya ce garkuwar kakansa ce, ramukan da gara ta ci kuwa wurin kibau ne. Mai Tsatsa ya ƙirga ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura masa laya.

Da abin ya tsaya nan da sai mu yi dariya mu wuce. Amma Baturen nan yana tafe da wata magana a bakinsa. Ya ce bulamomi sun yi yawa, kowane gindin kuka da nasa, ba a tara haraji da sauƙi. Za a haɗe ƙananan ƙauyuka. Mu za a haɗe mu da Rijiyar Manu, wadda in an yi tari a can muna ji a nan. Rawani biyu, ɗaya zai saura. Hakimi ne zai zaɓa, haka aka ce, amma ko yaro ya san Hakimi fuskar Bature zai duba kafin ya buɗe baki.

Bulaman Rijiyar Manu kuwa Hamma ne. Kai, Hamma! Mutumin da inuwa ke tashi ta bar shi a gindin tsamiya, ya gwammace rana ta gasa shi da ya ja tabarma. Rawaninsa tun ranar da aka naɗa masa bai ga ruwa ba sai na sama. Kakana ya ce in aka sa shi ƙarƙashin Hamma, ranar za a yi masa sutura. Rawanin nan ubansa ya ɗaura, kakansa ya ɗaura, ba zai faɗi a kansa ba.

Ina da kwana uku a duniya masinja ya zo ya ce Mai Tsatsa yana Gagarawa, jibi zai biyo ta garinmu. Kakana bai yi wata-wata ba ya shiga cikin gida. Ba ya iya shiga ɗakin surukarsa, balle tana jego, sai ya tsaya a bayan asabari ya yi gyaran murya.

"Gwaggo, kina ciki?"

"Ina ciki, Barau. Lafiya?" Duk garin Bulama ake ce masa, ita kaɗai ke kiran sunansa gatsal, don ita ta yanke masa cibiya.

"Takobin nan nake so."

"Wane takobi?"

"Takobi nawa ne a garin, Gwaggo?"

Ta ɗaga asabari ta fito, ta dube shi sama da ƙasa. "Jikanka ko suna ba shi da shi. Uku sun tafi a ɗakin nan. Ka zo ka ce a zare ƙarfe daga kansa don wani jan kunne ya shinshina?"

"Ƙarfe ai ƙarfe ne. A sa masa lauje. In rawani ya tsaya, zan sa Ilu maƙeri ya ƙera muku takubba goma."

"Goma! Haihuwar goman za ka yi mana kai? Barau, ka kiyaye ni. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Da ya ga ba zai ci Gwaggo da baki ba, sai ya yi abin da har yau in na tuna nake jin haushinsa. Ya juya fuska wajen danga, kamar da ita yake magana, ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "A gaya wa masu ɗakin nan, uban mijinsu ne yake roƙon arziki."

To ina innata za ta sa kanta? Suruki ya roƙe ka da bakinsa! Ko da ranta ne ya ce ta miƙo masa, kunya ba za ta bar ta ta ce a'a ba. Ta ce mini ta ɗaga kaina da hannu ɗaya, ta jawo takobin da ɗaya, hawaye na zuba a kan ƙyallayen, ta turo shi ta ƙarƙashin asabari. Gwaggo A'i ta tofar da yawu, ta zaro lauje daga jinka ta sa mini. Daga ranar ba ta ƙara barin ɗakin ba, ko alwala a bakin ƙofa take yi.

Da kakana ya miƙa takobin nan yadda yake, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ina! Ya kai shi zaure, ya ajiye a kan buzu, ya zauna yana kallonsa, ransa ya ɓaci. Wannan ƙazantar zai miƙa wa baƙo? Baƙon ma Bature, wanda ko ruwa sai an tafasa masa an tace? Liman ya ce masa, "Bulama, ai an ce tsatsar yake so."

Kakana ya yi murmushin wanda ya fi kowa sanin duniya. Ya ce, "Malam, in ka sauka gidan marasa tarbiyya aka kawo maka tuwo a akushi mai datti, ci za ka yi ko za ka zubar?"

"Ci zan yi."

"Har ka ce an gode. To shi ne. Baƙo ne, kunya yake ji. Mutanen Maigatari sun raina shi suna tura masa juji, yana karɓa don bai ga na kirki ba. Bari ya ga abin da aka gyara don girmansa, ka ga yadda zai yi."

Liman ya ce wannan magana haka take. Kowa a zauren ya ce haka take. Abin da ya fi ba ni takaici ke nan, maganar tana da ma'ana.

Aka kira Ilu maƙeri. Ilu kuwa gwani ne, kuma shekara da shekaru ba abin da ake kawo masa sai fartanya da sungumi, hannunsa na ƙaiƙayin aikin kirki. Ya karɓi takobin nan kamar an ba shi amarya. Ya sa wuƙa ya bi ƙyallayen nan yana yankewa, yana turawa cikin wutar maƙera don kada su ɓata masa wuri. Ya jiƙa bakin kube da man gyaɗa, ya sa ƙato biyu suka ja, takobi ya fito da ƙara, kuben ya ruguje a hannunsu. Ya bi shi da magagari, ya bi shi da dutse, ya bi shi da yashi da toka. Ya cire tsohon mariƙi ya sa sabo na tagulla. Baduku ya kwana biyu yana ɗinka kube na jar fata da koren ado, da hamila mai tuntaye. Kai, ranar da aka gama, in ka ɗaga takobin nan kana ganin haƙoranka a ciki.

Innata ta ce suna ɗaki suka ji ƙaurin tsumma ya cika gari. Gwaggo A'i ta ɗaga hanci ta shinshina, ta ce, "Wannan ba ƙaurin tsumman banza ba ne." Can ta ce, "Inna lillahi. Yaron nan ya ƙone garin."

Ranar zuwan Bature kakana ya sa an share gari tun daga bakin rijiya. An yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi sababbi a gindin kuka, an kawo ƙwai da kaji da nono a ƙwarya mai zane. Shi kuma ya sha rawaninsa na farin harsa, an wanke an buga, ya zauna da takobi a kan cinya cikin farin ƙyalle.

Mai Tsatsa ya iso da hantsi a kan wani doki mai kama da shi, dogo ramamme. Bayansa masu ɗaukar kaya sun yi layi, kowa da akwatin tsatsa a ka, ana jin ƙarafa na kuka. Hakimi na gefensa. Tafintansa wani Bakano ne, Dogo, mai yawan taunar asuwaki. Aka gaisa, aka yi ta gaisawa, don kakana ba ya gaisuwar da ba ta kai ga awaki ba. Baturen dai ya ƙosa, ya yi magana da sauri.

Dogo ya ce, "Bature ya ce tun a Gumel aka ba shi labarin garin nan. An ce kuna da wani tsohon takobi mai riga ta tsummoki, wanda yake kwana da jarirai. Ya ce bai taɓa jin irinsa ba a duk ƙasashen da ya taka. Saboda shi ya baro hanyarsa ya biyo nan. Ya ce yana ina?"

Kakana ya dubi Liman, irin kallon nan na ka gani ko. Ya tashi, ya durƙusa, ya yaye farin ƙyalle, ya miƙa da hannu biyu. Rana ta doki tagulla har dokin Hakimi ya ja da baya.

Bature ya duba, ya yi ɗan murmushi, ya kaɗa hannu.

"Ya ce wannan yana da kyau, amma irinsa na nan a kasuwar Kano an jera. Ya ce tsohon yake nufi."

"Ranka ya daɗe, ai shi ne."

"Ya ce mai tsummokin."

"Shi ne dai. Mun cire masa dattin ne saboda girman baƙo."

Dogo ya cire asuwaki daga baki, ya dubi kakana, sannan ya juya ya fassara a hankali. Waɗanda suke wurin sun ce sun ga jini ya hau wuyan Baturen nan, ya bi kunnuwansa, ya shige ƙarƙashin malafa. Ya fizgi takobin ya zare, ya kai shi dab da ido, yana bin jikinsa da yatsa tun daga mariƙi. Ya juya ɗaya gefen. Ya sake juyawa.

"Ya ce ina tsummokin?"

"Suna wuta."

"Kuben fa?"

"Ya ruguje, ranka ya daɗe. Dama ya ruɓe."

"Ya ce ba ku ga wani zane a jikin ƙarfen ba, nan kusa da mariƙi?"

Nan fa Ilu, da yake can baya yana jiran a yaba masa, ya kutso ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Akwai, ranka ya daɗe! Wani ɗan kare ne yana gudu, baki buɗe. Na nuna wa Bulama, ya ce subhanalla, kare a kyautar baƙo? Yini guda na yi ina cin sa da magagari. Ya shiga ƙarfen ƙwarai, amma ka duba, ko wutsiyarsa ban bari ba."

Da Dogo ya fassara wannan, Bature bai yi faɗa ba. Malafarsa ya cire, ya zauna daɓas a ƙasa, ba a kan tabarma ba, ya dafe kai. Ya daɗe yana magana shi kaɗai. Kakana ya matsa ya ce wa Dogo, "Daɗi ne ya yi masa yawa?"

Dogo ya ce, "Ya ce karen nan hatimin maƙeran ƙasarsu ne na zamanin da, tun kakannin kakanninsa. Ya ce ƙarfen nan ya ƙetare teku da hamada, ya yi ɗaruruwan shekaru yana yawo ba abin da ya same shi, sai da ya gamu da kai. Sauran abin da ya faɗa ba na fassarawa ba ne, Bulama, kai babba ne."

Ni dai ban ga abin tausayi a Baturen nan ba, gaskiya. Karen nan yake yi wa kuka, da tsummokin da zai rataye a bango. Bai tambayi jinjirin da aka zare wa takobin daga ƙarƙashin kai ba, ko da yake saboda labarin jariran ya zo. Da an ba shi yadda yake so, da ya ɗaura masa laya ya jefa a akwati, mu kuma mu bi shi da Allah ya kiyaye hanya.

Ana cikin wannan sai ga Bulama Hamma a kan jaka, rawani ya karkace, ido duk kwantsa. Ashe ya manta da zuwan Bature sam, sai da ya ji kakaki. A hanya ya gamu da Bappa, wani Bafillace da ke kan gawo yana sassabe wa shanunsa ganye, ya ce ya ara masa barandaminsa yanzu zai dawo da shi. Barandamin nan baki ya karye, ƙota ta tsage an ɗaure ta da jijiya, ga tsatsa, ga kashin shanu. Ko a gindin rigarsa Hamma bai goge shi ba. Ya miƙa da hannu ɗaya yana hamma.

Sai ga Mai Tsatsa ya miƙe. Ya karɓa, ya shinshina, idonsa ya dawo.

"Ya ce gatarin yaƙi ne?"

Hamma ya ce, "To."

"Ya ce tun yaushe yake?"

"Allah kaɗai ya sani."

"Ya ce ya sha aiki ko?"

"Har yau da safe ma," in ji Hamma. Dogo ya ga wannan ba ta da amfani, bai fassara ba.

Aka ɗaura wa barandamin Bappa laya. Bature ya dafa kafaɗar Hamma ya yi wa Hakimi magana, Dogo ya ce, "Ya ce ga mutumin da ya san darajar kayan kakanninsa, bai taɓa su ba." Hakimi ya dubi fuskar Bature, ya dubi kakana, ya sunkuyar da kai. Ƙwai da kajin dai an tafi da su. Takobi aka bari a kan tabarma.

Washegari da rana dogari ya zo da saƙo: Kukar Sajo ta koma ƙarƙashin Rijiyar Manu. Kakana ya saurara har ƙarshe, ya sa aka ba dogarin fura, ya raka shi har bakin gari, don hali ba ya barin mai shi. Da ya dawo ya shiga zaure ya warware rawaninsa da kansa, ya ninke, ya ɗora a kan takobi. Ya ɗauko su biyun ya shiga cikin gida da 'yar hula, abin da ba a taɓa gani ba.

Ya tarar da tsakar gida cike da mata. Gobe suna, sun zo daka. Amma ba mai daka. Suna zaune ne kawai, tsofaffi da masu goyo, kowacce akwai ƙullinta a cikin abin da aka ƙone, wata biyu, wata bakwai. Ba wadda ta zage shi. Innata ta ce da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya tsaya a bayan asabari ya ce, "Gwaggo, na dawo da shi."

Gwaggo A'i ta fito. Ta dubi jan kube da tuntaye ta ce, "Wannan na wane ango ne? Mu ba mu san shi ba."

"Gwaggo, a mayar wa yaron nan. Rawanin ma ya tafi."

"Na ji. Garin neman gira ka rasa ido." Ta kwance bakin zanenta ta ciro wani abu ta kama hannunsa ta sa masa. Ɗan ƙulli ne na baƙin saƙi, gefensa duk ya babbake. Ta ce, "Jiya da kuna can kuna yi wa jan kunne fadanci, na aika an tone mini tokar Ilu. Wannan kaɗai wuta ta bari, don ya fi sauran tauri. Ka san shi?"

Ya ce bai sani ba.

"Na Larai ne, uwarka. Huɗu ta binne kafin kai, shi ya sa aka ce maka Barau. Ranar da ta yaye ka ta ƙulla wannan, ta ƙara ƙullawa, ta ƙara, ta ja da haƙori har bakinta ya yi jini. Na ce Larai ya isa. Ta ce a'a Gwaggon yara, wannan ba na so ya kwance."

Kakana ya dubi abin da ke tafin hannunsa. Mutumin da ko a gaban Hakimi sai an shimfiɗa masa buzu, ya sulale ya zauna a ƙasa a gaban matan gari, har da surukarsa tana jin sa ta bayan asabari, ya yi kuka irin na yara.

Gwaggo ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta sunkuya ta ɗauki takobin, ta zare shi daga jan kuben ta jefar da kuben kan danga, ta shiga ta tura ƙarfen ƙarƙashin kaina, gefen lauje. Ta sake fitowa ta ɗauki rawanin ta warware, ta ja shi ta ji ƙarfinsa.

Ta ce, "Wannan tunda ba shi da aiki yanzu, Zinariya ba ta da majanyi."

Da rawanin Bulama aka goya ni har na yi ƙafa. Kakana kan zauna a ƙofar gida da 'yar hularsa, ya ga sarautarsa ta wuce a bayan innata za ta rijiya, ni kuma ina yi mata abin da jarirai ke yi. In mun dawo sai ya ce a miƙo masa ni. Bappa kuwa har ya tsufa yana zuwa Rijiyar Manu tambayar barandaminsa, Hamma na ce masa ya dawo gobe.

Ranar da aka yaye ni, innata ta yagi bakin farin harsan nan, ta aika a kira kakana. Takobin na nan tsirara, ba ƙulli ko ɗaya a jikinsa, don tun da aka ƙone na da ba macen da ta ƙara ƙullawa. Ta ɗaura nata a mariƙin tagulla. Shi kuma ya ciro na uwarsa daga wata laya da ya ɗinke shi a ciki, ya ce a haɗa su. Santsin tagullar Ilu ya sa ƙullin yana ta zamewa, sai da kakana ya sa haƙori ya ja.